Edwin Howard Armstrong (1890–1954): Daga Teburin Mai Haɗa Rediyo a Gida zuwa Zauren Kotu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Edwin Howard Armstrong, Ba'amurken da ya fara sha'anin rediyo tun yana yaro a ɗakin saman gidan iyayensa, inda yake haɗa na'ura da hannunsa, ya warware ta, ya sake mata fasali har sai ya gano sirrin aikinta. An yi bayanin manyan dabarunsa da har gobe ake gina na'urorin aikawa da karɓar saƙo a kansu, wato dabarar mayarwa da tsarin sufahet da watsa murya ta hanyar FM. An kuma nuna cewa tarbiyyar teburin gyara, wadda ta koya masa gaskata abin da gwaji ya tabbatar, ita ce ta ɗaukaka shi a tsakanin injiniyoyi, kuma ita ce ta hana shi saukowa a gaban kotuna da manyan kamfanoni har ƙarshen rayuwarsa.

Fitilun kalmomi: Armstrong, rediyon sha'awa, dabarar mayarwa, sufahet, FM, haƙƙin ƙirƙira.

1.0 Gabatarwa

A farkon ƙarni na ashirin ba kasafai mutum kan shiga kanti ya sayi akwatin rediyo a haɗe ba. Wanda yake son jin saƙonnin da ke yawo a iska sai ya nemi wayar tagulla ya naɗa a jikin kwali, ya samo kwandensa da batir da na'urar sawa a kunne, ya ɗaura eriya a kan rufi, sannan ya yi likin dalma da kansa. Daga cikin irin waɗannan matasa ne aka sami jama'ar da ake kira masu rediyon sha'awa, wato mutanen da hukuma ke ba lasisi su gina na'urorinsu, su yi magana da junansu ta iska ba don neman kuɗi ba. Al'adar tana nan da ranta. Akan sayi kayan haɗa-da-kanka na na'ura mai aikawa da karɓa, a harhaɗa a gida, a yi mata ƙari ko ragi, in ta lalace a buɗe cikinta a gyara.

Duk wanda ya buɗe irin wannan na'ura, da wuya bai ci karo da aikin Armstrong ba. Hanyar da sigina ke bi daga eriya zuwa lasifika, da cututtukan da kan kama ta, da yadda ake saita ta bayan gyara, yawancinsu suna komawa ga abubuwan da ya gano tsakanin 1912 da 1933. Tarihinsa don haka tarihin wannan sana'a ne a jikin mutum guda.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Armstrong ranar 18 ga Disamba, 1890, a unguwar Chelsea ta birnin Niyok. Mahaifinsa John Armstrong ma'aikaci ne a reshen Amurka na Maɗaba'ar Jami'ar Oxford, mahaifiyarsa Emily kuwa ta taɓa koyarwa a makaranta. Yana ɗan shekara takwas zuwa tara ya kamu da wata cutar jijiya da ke sa gaɓoɓi fizga, wadda ta sa aka cire shi daga makaranta na shekara biyu, ta kuma bar masa wata 'yar fizga da takan taso masa in ransa ya ɓaci ko ya yi zumuɗi. Zaman kaɗaicin nan ya mai da shi yaro mai shiru, mai son taɓa injuna.

A 1902 iyalin suka koma Yonkers, suka zauna a wani babban gida da ke kallon Kogin Hudson. Yana da kimanin shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya kawo masa littafi a kan ƙirƙire-ƙirƙire, labarin Marconi da saƙon da ake aikawa ba tare da waya ba ya shiga ransa. Ɗakin sama na gidan ya koma masana'anta, cike da naɗin waya da batura. Da ya ga eriyar da ke kan rufi ba ta ishe shi ba, sai ya kafa turke mai tsawon kusan mita 38 a farfajiyar gidan, yana jan kansa sama da igiya a kan wata 'yar kujera don gyara wayoyinsa. Wannan son hawa sama bai rabu da shi ba har ya manyanta.

Ya shiga Jami'ar Kolombiya a 1909 don karatun injiniyan lantarki. A can ya haɗu da Farfesa Michael Pupin, wanda ya zame masa uba a fagen bincike. An san shi tun a aji da ƙin karɓar bayani don kawai babba ne ya faɗa. Idan lissafi ya ce abu ba zai yiwu ba, yakan so ya haɗa na'urar ya gani da idonsa.

3.0 Dabarar Mayarwa

Abin da ya fi damun masu rediyo a wancan lokaci shi ne raunin sigina. Saƙon da ya taso daga nesa yakan iso kunne kamar raɗa. Akwai wani bawul da Lee de Forest ya ƙirƙira a 1906, ya sa masa suna Audion. Ƙwan gilashi ne mai kama da ƙwan lantarki, a cikinsa akwai lagwanin waya da ke yin zafi, da faranti, da wata raga a tsakaninsu. Sigina kan shiga ta ragar, ta fito ta farantin. Bawul ɗin yana aiki, amma ƙarfinsa kaɗan ne, kuma bayanin da mai ƙirƙirarsa ya bayar game da aikinsa bai dace da gaskiya ba, domin ya ɗauka ragowar iskar da ke cikin ƙwan ce ke gudanar da aikin.

Armstrong ya zauna da wannan bawul yana aunawa. A 1912, yana ɗalibi, ya lura cewa wutar da ke fita ta farantin tana ɗauke da kaɗawar igiyar rediyon kanta, abin da ba a zata ba. Sai ya yi wa tsarin ƙari: ya sa naɗin waya a ɓangaren faranti, ya saita shi yadda wani kaso na siginar da ta fito zai koma kan ragar ya sake shiga. Siginar ta riƙa zagayawa tana ƙara ƙarfi a kowane zagaye, har saƙon da a da sai an riƙe numfashi kafin a ji shi ya zama ana jin sa a faɗin ɗaki. An ruwaito cewa a daren da abin ya yi aiki ya tashi 'yar'uwarsa daga barci don murna.

Ya kuma gano abu na biyu. Idan aka ƙara mayarwar ta wuce wani mataki, bawul ɗin kan daina sauraro ya fara haifar da tasa igiyar. Wato ƙwai guda yana iya karɓar sigina, yana kuma iya samar da ita. Wannan ne tushen tiransimita mai bawul, wadda ta maye gurbin tsofaffin na'urori masu tartsatsin wuta, kuma shi ne ya buɗe ƙofar haɗa aikawa da karɓa a akwati guda. Har yau mai haɗa rediyon mayarwa a gida yana koyon wannan iyaka da yatsunsa: yana murɗa maɓalli a hankali har gab da inda na'urar za ta fara kuka, domin a nan ne ta fi ji. In ya zarce, sai ta yi shewa, ta kuma watsa shewar cikin rediyon maƙwabta.

Mahaifinsa ya ƙi ba shi kuɗin neman takardar haƙƙin ƙirƙira sai ya gama karatu. Abin da ya iya yi shi ne kai zanen na'urar gaban mai shaidar takardu ranar 31 ga Janairu, 1913. Bai shigar da buƙatarsa ba sai watan Oktoba na shekarar, bayan ya karɓi digiri, aka kuma ba shi takardar ranar 6 ga Oktoba, 1914. Wannan jinkiri ya zame masa ƙaya daga baya. A farkon 1914 ya gwada na'urar a tashar kamfanin Marconi da ke Belmar a jihar New Jersey, a gaban wani matashin ma'aikaci mai suna David Sarnoff. Sun kwana cikin sanyi suna kama saƙonni daga ƙetaren teku, suka ƙulla abota. A 1917 Ƙungiyar Injiniyoyin Rediyo ta ba shi lambar girmamawarta, shi ne mutum na farko da ya same ta.

4.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Tsarin Sufahet

Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, an ɗauke shi a rundunar sadarwa da muƙamin kyaftin, aka tura shi Faris, daga baya ya zama manjo. Matsalar da ya tarar a can ita ce bawulolin zamanin ba sa iya ƙarfafa siginar da kaɗawarta ta yi yawa, alhali ana zaton abokan gaba suna amfani da irin wannan sigina. Maimakon ya jira a ƙera bawul mafi kyau, sai ya sauko da siginar zuwa inda bawul ɗin da ke hannu zai iya da ita.

An riga an san, tun daga aikin Reginald Fessenden, cewa idan aka gauraya igiyoyi biyu masu kaɗawa daban-daban, akan sami ta uku wadda kaɗawarta ita ce bambancin da ke tsakaninsu. Armstrong ya sa ƙaramar osileta a cikin na'urar karɓa, tana samar da igiyarta, ana gauraya ta da wadda eriya ta kamo. Abin da ya fito ana kiran sa kaɗawar tsakiya, kuma ba ya canzawa ko da wace tasha aka murɗo. Misali daga rediyon zamanin baya, inda aka saba da kilohaz 455 a matsayin kaɗawar tsakiya: idan tasha tana kan kilohaz 1,000, osileta za ta kasance a kan 1,455, bambancinsu 455. In aka koma tashar da ke kan 1,200, osileta ta matsa zuwa 1,655, bambancin yana nan 455. Don haka matakan ƙarfafawa da tacewa ana saita su sau ɗaya ne a kan lamba guda, su yi wa kowace tasha aiki.

Ya nemi takardar haƙƙi a Faransa a ƙarshen 1918, a Amurka kuma a farkon 1919, aka ba shi ta Amurka a watan Yuni, 1920. Wajibi ne a ambaci cewa wani injiniyan Faransa, Lucien Lévy, ya riga shi shigar da takarda a kan tsari mai kama da wannan, kuma daga baya hukunci a Amurka ya ba Lévy fifiko a kan mafi yawan abin da ake taƙaddama a kai. Abin da ba a musu a kansa shi ne Armstrong ne ya mai da tsarin na'ura mai aiki, kuma shi da abokin aikinsa Harry Houck suka sauƙaƙa ta har kamfanin RCA ya fitar da ita kasuwa a 1924. Akwatin rediyon da aka daɗe ana kama gajeren zango da shi a Kano da Damagaram a kan wannan tsari aka gina shi.

5.0 Armstrong a Cikin Masu Rediyon Sha'awa

Duk da suna da muƙamin soja, bai bar jama'ar da ya fito daga cikinta ba. Ɗan Ƙungiyar Rediyo ta Amurka ne, wadda matasa masu gwaje-gwaje suka kafa a Niyok. Kafin ya sayar da haƙƙin dabarar mayarwa, ya ba ƙananan kamfanoni 17 izinin ƙera na'urori da ita don masu sha'awa da masu gwaji kaɗai, suna biyan sa kashi biyar cikin ɗari na cinikinsu. Ta wannan hanya dabarar ta shiga ɗakunan matasa a duk faɗin ƙasar.

Dokar rediyo ta 1912 ta kora masu sha'awa zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka, domin a lokacin ana ganin wannan yanki ba shi da amfani wajen tafiya mai nisa. A watan Disamba, 1921, ƙungiyar ARRL ta masu rediyon sha'awa ta tura Paul Godley zuwa Ardrossan a Sikotlan, ya kafa tanti a bakin teku da na'urorin karɓa na mayarwa da na sufahet, don a ga ko muryar masu sha'awa za ta ƙetare Tekun Atilantika. Armstrong da abokansa biyar suka haɗa tasha mai alamar kira 1BCG a wata rumfa a Greenwich ta jihar Connecticut, mai ƙarfin kusan kilowat ɗaya. A daren 11 ga watan Godley ya karɓi cikakken saƙo daga gare su. Manyan kamfanoni a lokacin suna kashe dukiya mai yawa a kan dogayen zango da manyan injuna don yin wannan aiki. Shekara biyu bayan haka, a Nuwamba 1923, Léon Deloy a birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo kai da komowa da masu sha'awa biyu a Amurka a kan zangon da ya fi wancan gajarta. Daga nan darajar gajeren zango ta fito fili.

6.0 Dukiya da Aure da Shari'ar De Forest

A 1920 kamfanin Westinghouse ya sayi haƙƙin mayarwa da na sufahet a kan dala 335,000. A 1922 ya bayyana wata sabuwar dabara da ya ci karo da ita yana shirya na'urar da zai gwada a kotu, wadda ke kunna mayarwa tana kashewa cikin sauri don samun ƙarfi mai yawa daga bawul kaɗan. RCA ya saye ta a kan dala 200,000 da hannun jari 60,000, daga baya aka ƙara masa wasu, har ya zama mutumin da ya fi kowa hannun jari a kamfanin. A Disamba 1923 ya auri Marion MacInnis, sakatariyar Sarnoff. Kyautar aurensa gare ta rediyon sufahet ne na ɗauka a hannu da ya haɗa da kansa.

A ƙarƙashin wannan daula akwai shari'ar da ta ci kusan shekara ashirin. De Forest ya yi iƙirarin cewa shi ya fara gano mayarwa, yana dogara da abin da aka rubuta a littafin ɗakin gwajinsa a watan Agusta, 1912, game da wani kuka da na'urarsa ta yi. Armstrong ya yi nasara a 1921 da kuma ɗaukaka ƙara a 1922. Da ya yarda da sulhu a lokacin, mai yiwuwa da maganar ta mutu. Ya ƙi, domin a ganinsa jin kuka daban, fahimtar dalilinsa da sarrafa shi daban. De Forest ya bi ta wata hanyar shari'a ya yi nasara a 1924, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a 1928, ta sake tabbatarwa a 1934 a hukuncin da Mai Shari'a Benjamin Cardozo ya rubuta. Injiniyoyi da yawa sun ga cewa kotun ba ta fahimci batun lantarkin ba. A taron Ƙungiyar Injiniyoyin Rediyo na 1934 Armstrong ya je don mayar da lambar da aka ba shi a 1917. Ƙungiyar ta ƙi karɓa, ta sake jaddada cewa shi ya cancanta.

7.0 Yaƙi da Kwaramniya: Haihuwar FM

Tun yana tare da Pupin yake neman maganin kwaramniyar da tsawa da injuna ke zubawa cikin rediyo. A tsohuwar hanyar AM, murya tana hawa ne a kan ƙarfin igiya, tana ƙara shi tana rage shi. Kwaramniya ma ta ƙarfin igiya take shiga, don haka na'ura ba ta da yadda za ta raba su. An daɗe da sanin cewa ana iya ɗora murya a kan yawan kaɗawa maimakon ƙarfi, amma a 1922 masanin lissafi John Carson na kamfanin AT&T ya nuna cewa hakan ba ya rage faɗin wurin da tasha ke ci, sai masana suka juya wa hanyar baya. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne a ƙuntata faɗin sigina don kwaramniya ta rasa ƙofar shiga.

Armstrong ya yi akasin haka a ɗakin gwajinsa na Kolombiya. Ya faɗaɗa siginar ƙwarai, har kaɗawar tana lilo kilohaz 75 sama da ƙasa, ya kuma sa wani mataki a na'urar karɓa da ke aske duk wani hawa da sauka na ƙarfi kafin a fitar da murya. Kwaramniyar ta tafi tare da abin da aka aske. An ba shi takardun haƙƙi a kan wannan ranar 26 ga Disamba, 1933. Daga 1934 zuwa 1935 ya yi gwaji daga saman ginin Empire State da izinin RCA, har kamfanin ya nemi ya kwashe kayansa don a sami wurin gwajin talabijin.

A Nuwamba 1935 ya nuna wa injiniyoyi abin a Niyok. Siginar ta taso ne daga tashar wani mai rediyon sha'awa, abokinsa Runyon, mai alamar kira W2AG a Yonkers. An zuba ruwa a kofi, an yaga takarda, an kaɗa kiɗa, mahalarta suka ji komai tsaf ba tare da wata kwaramniya ba. Da ya ga RCA ya mai da hankali ga talabijin da tashoshinsa na AM, sai ya sayar da hannun jarinsa ya gina tasharsa W2XMN a Alpine ta New Jersey, da hasumiya mai tsawon kusan mita 130. Ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai a 1939. A 1940 hukumar sadarwa ta ware wa FM megahaz 42 zuwa 50. A shekarar ce RCA ya yi masa tayin dala miliyan ɗaya don amfani da haƙƙinsa ba tare da biyan kaso ba. Ya ƙi, saboda sauran kamfanonin da ya ba izini suna biyan kaso a kan kowace na'ura.

8.0 Shekarun Ƙarshe

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yafe wa sojojin Amurka biyan komai a kan amfani da haƙƙoƙinsa, rediyon FM ya yi aiki a motocin yaƙi da hannun sojoji. Shekarun yaƙin sun cinye wani kaso mai yawa na wa'adin takardunsa. A 1945 hukumar sadarwa ta ɗauke FM zuwa megahaz 88 zuwa 108, inda yake har yau. Wannan ƙaura ta mai da ɗaruruwan dubban akwatunan da mutane suka riga suka saya marasa amfani, ta tilasta wa tashoshi sake kayan aiki. Hukumar ta kafa hujja da gudun cuɗanyar sigina daga nesa, shi kuwa ya ga hannun masu son danne FM a ciki.

A Yuli 1948 ya kai ƙarar RCA da reshensa NBC bisa amfani da FM ba da izininsa ba, har a cikin sautin talabijin. Lauyoyin kamfanin suka ja matakin share fage na shari'ar har fiye da shekara biyar, suna yi masa tambayoyi wata da watanni. Manyan takardunsa suka ƙare a 1950. Kuɗin lauyoyi da na tashar Alpine da na ɗakin gwaji suka cinye dukiyarsa, ga shi tun da ya zama farfesa a Kolombiya dala ɗaya kacal yake karɓa a shekara a matsayin albashi. Ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Abotarsa da Sarnoff, wanda yanzu shi ke shugabantar RCA, ta mutu. A ƙarshen 1953 saɓani mai tsanani ya shiga tsakaninsa da matarsa a kan ragowar abin da suka mallaka, ta tafi wurin 'yar'uwarta. A daren 31 ga Janairu zuwa wayewar 1 ga Fabrairu, 1954, ya bar mata wasiƙa, ya faɗo daga tagar gidansa a hawa na 13 a Manhattan. Yana da shekara 63.

Marion ta ci gaba da shari'o'in. A ƙarshen 1954 RCA ya biya kimanin dala miliyan ɗaya, kusan abin da ya yi tayi shekara goma sha huɗu da suka wuce. Sauran kamfanoni ta yi nasara a kansu ɗaya bayan ɗaya, a kotu ko ta sulhu, na ƙarshe shi ne Motorola a 1967.

9.0 Gadonsa a Teburin Mai Gyara

Bawul ya ba tiransista wuri, amma tsarin bai canza ba. Na'urorin haɗa-da-kanka irin na kamfanin Heathkit, waɗanda dubban masu sha'awa suka harhaɗa a gidajensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙananan na'urorin da ake sayarwa yau a cikin leda da allon liki, da yawansu sufahet ne. A na'ura mai aikawa da karɓa, osileta ɗaya da matacin kaɗawar tsakiya ɗaya kan yi aiki ta fuska biyu: sigina ta bi su zuwa lasifika lokacin sauraro, ta bi su zuwa eriya lokacin magana.

Matakan gyara ma daga wannan tsari suka fito. Mai gyara yakan fara da tabbatar da cewa osileta tana kaɗawa a inda ya kamata, sannan ya saita naɗe-naɗen kaɗawar tsakiya ɗaya bayan ɗaya har sigina ta kai ƙololuwa. Idan wata tasha ta bayyana inda ba wurinta ba, yakan tuna cewa lambobi biyu ne ke ba da bambanci guda: a misalin da ya gabata, tashar da ke kan kilohaz 1,910 ita ma ta bambanta da 1,455 da 455, don haka sai an tace ta tun daga bakin eriya. Idan kuwa na'ura ta kama shewa bayan an yi mata ƙari, yawanci mayarwar 1912 ce ta dawo ba a gayyace ta ba, ta hanyar wayar fita da ta kwanta kusa da ta shiga, ko kwandensar da ta bushe, ko likin da ya saki. Maganin shi ne raba wayoyin, ko sa shingen ƙarfe a tsakani, ko canza kwandensar.

10.0 Kammalawa

Rayuwar Armstrong ta nuna cewa manyan dabarun rediyo sun fito ne daga hannun mutumin da ya karɓi na'urar wani, ya ƙi gamsuwa da bayanin da aka ba shi, ya yi mata gyara har ta yi abin da mai ita bai sani ba. Haka ya yi da bawul ɗin De Forest, da gaurayen igiyoyi na Fessenden, da hanyar FM da lissafin Carson ya sa aka yasar. A teburin gwaji na'ura ce alƙali, kuma hukuncinta a take yake. Ya ɗauki wannan ma'auni zuwa kotu da kasuwa, inda kwanan wata a takarda da tsawon numfashin lauyoyi ke yanke magana, kuma bai taɓa yarda cewa ma'aunin ya canza ba. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1955, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta sa sunansa cikin jerin magabatan wannan fanni. Hasumiyar Alpine tana nan tsaye a gaɓar Kogin Hudson, ana amfani da ita.